Gadar da Alhaji Bube Ya Ƙi Hawa

Duk wanda ya taɓa miƙa ma Alhaji Bube Maiƙirgi wani abu a hannu ya san sai ya jira. Ba ya cewa na gode, ba ya tambayar mene ne. Sai ya kama abin da hannu biyu, ya juya ya fuskanci rana, ya ɗaga shi sama, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Bari in gani ga rana." Ku da kunka san shi na ga har kun fara murmushi, to ku bari in kai ƙarshe tukuna.

Sana'a ce ta bar mishi wannan hali. Tun yana saurayi fatu yake saye, na awaki da na tumaki, da ƙiragan shanu, yana bin kasuwannin Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe yana kai ma kamfanin Turawa. Mai sayen fata kuwa ba ya yarda da bakin mahauci. In wuƙa ta yi ɓarna wurin fiɗa, a ƙasa ba ka gani, amma kana ɗagawa rana za ta tona. Matsalar Alhaji ita ce bai san inda aikin fata ya tsaya ba. In an ɗinko mishi riga sai ya ɗaga. Fasfonshi na zuwa Makka sai da ya ɗaga shi a gaban ma'aikacin da ya ba shi. Ran sunan ɗiyata ta fari, da idona na ga ya ɗauki waina guda ya ɗaga, ya ce ma matata, "Amarya, wagga ta huje wuri bakwai." Sannan ya zauna ya ci goma sha biyu.

Mutane ma haka yake kasa su yadda ake kasa fata, lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku. Ni lamba uku ya ba ni, har ya koma ga Allah bai ƙara mini ba. Ina da ikon ramawa kuwa, don taubashina ne. Mahaifiyarshi, Goggo Hajo, ƙanwar babana ce, saboda haka shi ɗan mace ne, bawana ne, ko da yake ya girme ni nesa ba kusa ba. A gaban kowa Bawa nake kiranshi, shi kuma ya kira ni Lamba Uku.

Kafin in shiga zancen majalisa, bari in faɗa ma ƙananan cikinku abin da manya sun riga sun sani. Tsakanin Tambuwal da Kebbe akwai Rafin Ɗunya. Da rani ko kaza ta ƙetare shi ba ta jiƙa ƙafa. Da damina kuwa in ya kawo, na can sai su zauna can, na nan su zauna nan. Goggo Hajo gefen Kebbe take zaune. Wata damina ciwon ciki ya kama ta, anka ɗauko ta bisa ƙyaure za a kawo ta asibiti Tambuwal, anka iske rafi ya cika maƙil. Alhaji yana wannan gaɓa da mota da direba, ita tana waccan gaɓa ƙarƙashin ɗunya. Kwana biyu suna hangen juna. Ran na uku ruwa ya ja baya, ya ƙetara da ƙafa, ya iske an rufe mata fuska. Nan gindin ɗunyar anka binne ta. Duk wasan da ke tsakaninmu ban taɓa kai shi wurin nan ba.

Da zamanin zaɓe ya zo, ana ta shirin karɓar mulkin kai, manyan gari sunka taru sunka ce Bube za a tura majalisar tarayya a Ikko, don yana jin Turancin kamfani, kuma ba ya jin nauyin kowa. Ya ce shi yana da aikin yi. Anka matsa mishi. Sai ya yi tambaya ɗaya.

"Can na aka yin gada?"

Wani dattijo ya ce, "Alhaji, ai can aka yin komi."

Dattijon nan Allah ya gafarta mishi, shi ya jawo mana duk abin da ya biyo baya.

Ran kasuwar Kebbe anka ɗora shi bisa motarshi ta ɗaukar fatu don ya yi ma jama'a jawabi. Abokin takararshi ya riga ya yi nashi, ya yi alkawarin makaranta da famfo da jirgin ƙasa. Alhaji ya gyara hula ya ce, "Jama'a, ni ban iya dogon zance ba. Wallahi tallahi, daga yau ba ni ƙetare Rafin Ɗunya da busassar ƙafa sai bisa gadar gwamnati." Ya sauko.

Na ja hannun rigarshi na ce, "Bawa, yi maza ka ƙara da in sha Allahu, tun rantsuwar ba ta kama ka ba."

Ya ce, "Na riga na rufe baki."

Ya ci zaɓe. Daga ranar kuwa, in damina ce ba ya shiga kwalekwale, ba ya yarda a goya shi. Sai ya tuɓe babbar riga ya naɗe ta a kai, ya shiga ruwa. In rani ne kuma, da yake ba ruwa a rafin, sai ya sa direba ya tsaya, ya sauko da buta, ya jiƙa ƙafafunshi sarai, ya taka yashi har waccan gaɓa, mota tana biye da shi a hankali. Baƙi sukan zaci alwala yake yi, wasu har su sauko su yi sahu.

Ni lokacin ina koyarwa a elemantare. Ya zo ya ce in ajiye alli in bi shi Ikko in riƙa rubuta mishi takardu. Na ce don me ni, alhali ni lamba uku ne. Ya ce lamba ɗaya ba su yarda su bi shi ba.

A majalisa ina zama can bisa, wurin 'yan kallo, ina hangen rawaninshi. Ranar farko anka raba musu takardun zama. Da yake ba rana a cikin zauren, sai ya ɗaga tashi ga fitilar lantarki, ya kanne ido. Wani wakili daga Kudu da ke kusa da shi ya zaci akwai ɓoyayyen rubutu, shi ma ya ɗaga tashi. Kafin wata ya ƙare layin nan gaba ɗaya sai sun ɗaga takarda kafin su karanta, ba kuma wanda ya taɓa tambayar abin da ake nema.

Jawabinshi kuwa guda ne, shi ya yi ta yi har anka rufe majalisar. Abin da ke sauyawa kawai shi ne ƙofar da yake shigowa ta ciki. Ana muhawara a kan sayen jiragen ruwa, sai ya miƙe ya ce, "Shugaba, na ji ana zancen ruwa." Ana zancen gidan waya, ya ce wasiƙa daga Ingila ta kan riga wasiƙa daga Kebbe isowa Tambuwal. Shugaban majalisa mutum ne mai haƙuri. Ya yi mishi bayani dalla-dalla cewa hanyar nan ba ta cikin hurumin tarayya, ta gwamnatin Jihar Arewa ce ko ta En'e, can ya kamata ya kai kukanshi. Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya ce ya gode, amma shi nan anka aiko shi.

Da munka fito na ce, "Bawa, mutumin nan gaskiya ya faɗa maka. Ka shigo kasuwar hatsi kana neman fata."

Ya ce, "An ce min nan aka yin komi."

"Wanda ya faɗa maka bai taɓa wuce Jega ba."

"Lamba Uku, riƙe min jaka."

Wanda har yau abokan zamanshi ke tunawa shi ne ran da ake zancen buɗe ofisoshin jakadanci a ƙasashen waje. Manyan masu Turanci sun yi ta zuba. Alhaji ya miƙe, kowa yana son ya ga ta ina zai ɓullo yau. Ya ce shi yana goyon baya ɗari bisa ɗari, sai dai akwai wata ƙasa da hulɗarmu da ita ke yankewa wata uku a kowace shekara, yana roƙon a fara da ita. Wani ya tambaya wace ƙasa ce. Ya ce Kebbe. Anka yi dariya har da buga tebur, shi ko bai yi ba. Daga ranar sunanshi ya koma Onarabul Gada, har masinjoji haka suke kiranshi, yana kuwa amsawa.

Mu ma muna dariya, amma ni na san abin yana cin shi. Duk damina in munka dawo gida sai an ba mu labarin wani da ya kwana bakin rafin nan da mara lafiya. Ranar kuwa Alhaji ba ya cin abinci.

Da ya ga jawabi bai yi ba, sai ya koma ga abin da ya iya, wato ciniki. Akwai wani minista, ba ni faɗin sunanshi, mutumin kirki ne, sai dai Allah ya jarrabe shi da son yanka zare da almakashi. In ka gina ko akurkin kaji ka gayyace shi zai zo ya buɗe. Alhaji ya gina rumfar shanyar fatu a Kebbe, ya ce in rubuta takardar gayyata, ya faɗa mini rana.

Na ce, "Bawa, wannan fa tsakiyar marka ce."

"Na sani. Rubuta."

"To in sa mishi cewa hanya tana da ɗan ruwa?"

"An tambaye ka?"

Minista ya iso Tambuwal cikin doguwar baƙar mota, da farar riga mai aiki, da takalmi sai ƙyalli. Munka kama hanya. Muna isa Rafin Ɗunya munka iske ruwa ya kai ƙirji. A waccan gaɓa kuwa ga jama'ar Kebbe sun yi cincirindo, ga makaɗa suna ta wasa minista da sunanshi. Alhaji ya sauko, ya tuɓe riga, ya naɗe a kai, ya shiga. Sai da ya kai tsakiya ya waiwayo.

"Ranka ya daɗe, bisimilla. Nan ta hanya."

Minista ya dubi ruwa, ya dubi takalminshi, ya ce, "Alhaji, babu wata hanya?"

"Akwai, ranka ya daɗe. Sai dai ba a buɗe ta sai an yanke gero."

Komawa ba ta yiwuwa, ga kiɗa yana ta kiran sunan mutum. Wani ƙaton mahauci, Ɗanjumma, shi ya saɓa minista a wuya ya shiga da shi. A tsakiya takalmi ɗaya ya zame ya bi ruwa, Ɗanjumma ya ce a yi haƙuri, in an yi sa'a za a tsince shi da kaka. Da anka sauke minista, ya ja jiki ya nufi inuwar ɗunya yana huci, zai zauna bisa wani ɗan tudu. Sai na ji Alhaji ya ce, a hankali, "Ranka ya daɗe, matsa kaɗan. Uwata ta nan."

Iyakar abin da na taɓa ji ya faɗa ke nan a kan Goggo. Minista ya tsaya yana dubanshi. Ni ne na ƙarasa mishi labarin. Bawan Allah nan ya cire takalmin da ya rage, ya durƙusa ya yi mata addu'a, makaɗa sunka yi shiru. Da munka rabu na tambayi Alhaji lambar minista. Ya ce, "Da safe lamba biyu na. Yanzu ɗaya, sai dai ya jiƙe."

Ban san ƙofar da ministan ya ƙwanƙwasa ba, amma ba a daɗe ba sai ga masu awo sun zo, sunka kafa turaku masu jan kai a gaɓa biyu. Anka aiko ma Alhaji zanen gada a wata faffaɗar takarda. Ya fita tsakar gida ya ɗaga ta ga rana ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Babu huji." Ranar har goro ya ba ni ban roƙa ba.

Ana jiran a fara aiki, wata safiya rediyo ta faɗi cewa soja sun karɓi mulki, majalisa ta watse. Abin da ya faru lokacin kun sani, Arewa duka kuka take, mu ma mun yi. Sai da anka kwana bakwai sannan Alhaji ya dube ni.

"Sun ce wani abu ga zancen gada?"

Na ce, "Haba Bawa, ƙasa ta birkice."

Ya ce, "To, ba su ce ba ke nan."

Ya jira damina uku. Turakun masu awo sunka zama wurin ɗaure awaki. Kafin ta fuɗu ya sayar da manyan motocinshi duka biyu, waɗanda su ne sana'ar, ya sayo siminti da ƙarfe, ya nemo wani magini da ya taɓa aikin hanya, anka kira gayya. Mutanen Kebbe da Fakku da Tambuwal sunka yi ta jidar dutse, mata suna kawo fura. Wasunku da kansu sun ɗauki kwando a aikin nan. Kafin ruwa ya sauka gada ta tsaya.

Anka jira har rafi ya kawo sannan anka sa ranar buɗewa. Da yake gada ba ta ɗaguwa, shi ya gangara ƙarƙashinta, ruwa iya gwiwa, ya ɗaga kai ya kanne ido, ya bi ta daga wannan ƙafa zuwa waccan. Ya fito ya ce ba huji. Jama'a sunka buɗe mishi hanya don ya zama na farkon hawa. Sai munka ga yana naɗe riga a kai.

Liman ya ce, "Alhaji, ina kuma za ka?"

"Ƙetarewa zan yi, Allah gafarta Malam."

"Ga gada."

"Wagga gadar Bube ta. Ni ta gwamnati na ce."

Liman ya yi mishi bayani cewa addini ya sauƙaƙa, ya ciyar da miskinai goma ya yi kaffara, shi ke nan ya fita. Alhaji ya ce miskinai goma kullum suna ci a ƙofar gidanshi, amma shi gaban kasuwa guda ya rantse. Na ce to ai kai ma gwamnati ne. Ya ce an kore su. Na ce to ga dabara, ka jiƙa ƙafarka da buta yadda kake yi da rani, ka hau bisa, ai ba da busassar ƙafa ka ƙetare ba. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Da rani babu ruwa, shi ya sa nika zubawa. Ga ruwa kwance kuma in hau bisa? Lamba Uku, Allah za ka yi ma wayo?"

Wallahi ranar ya ba ni haushi, har na yi kwana uku ban je gidanshi ba. Mutum ya sayar da abin hannunshi kaf, ya koma bin kasuwa da jaki kamar farkon farawa, sannan ya ƙi taka abin da ya gina.

Haka kuwa anka ci gaba shekara da shekaru. Duk Juma'a yana zuwa ziyarar kabarin Goggo. Jakuna da babura da motocin kasuwa suna wucewa ta bisa, mai gada yana ƙasa cikin ruwa da riga a kai, ana ɗaga mishi hannu ana "Sannu Onarabul." In ya hangi motar da ta ɗauko mara lafiya, sai ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, ya bi ta da ido har ta haye, sannan ya ci gaba. Da tsufa ya kama shi, ƙafa ta fara rawa, dole ni nake shiga in riƙe mishi hannu, ni da ban rantse ma kowa ba. Ciwon gwiwar da kuke ganin ina fama da shi, gadonshi ne.

Ya rasu da hantsi, cikin marka. Wasiyyarshi ɗaya ce, a kai shi kusa da uwarshi. Munka yi mishi sutura, munka kama hanya. Rafin Ɗunya ranar ya kawo irin kawowar shekarar Goggo, ko saurayi ba ya shigarshi. Anka sauko da makara daga mota, anka iso bakin gada, sai masu ɗauka sunka tsaya. Ba wanda ya ce su tsaya. Babban ɗanshi ya dubi Liman, Liman ya ce rantsuwa ta ƙare tun da rai ya fita, a wuce. Ba wanda ya motsa. Kowa yana tsoron ya zama shi ne ya hawar da Alhaji Bube gadar nan.

Sai na ce a miƙo mini buta. Na je wajen ƙafafu, na zuba ruwa bisa likkafani har ya jiƙe. Liman ya kau da kai yana duban ɗunya. Na ce, "Bawa, yau ba ka da bakin gardama. Ubangidanka ya ce ka hau." Na kama ƙafar makara ɗaya, munka taka. Tsawon gadar nan bai kai taki arba'in ba, amma ban ga ko taki ɗaya ba, don idona ya cika. Munka kwantar da shi kusa da Goggo kafin azahar.

Ya Allah, ga bawanka Bube nan, taurin kai ne da shi, amma Ka san abin da ya sa. Ran da za a ɗaga takardarshi, Ka sa kar a ga huji, in an gani Ka rufe shi da rahamarka. Yadda ya ƙetarar da marasa lafiyarmu, Ka ƙetarar da shi siraɗi, Ka sada shi da uwarshi a gaɓa ɗaya. Mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani, har da mu 'yan lamba uku.